Yadda ake zaƙulo sauran amsoshin ikweshan na haifuwa da bazuwa bayan kwamfuta ta ba da ta farko

Wanda ya taɓa cusa hannu cikin tarin harawar da aka jibge ba ta gama bushewa ba, ya san cikinta da ɗumi ko da hunturu ya kankama. Ruɓewa ce ke haifar da zafin, zafin yana ƙara wa ruɓewar sauri, a lokaci guda kuma yana silalewa ta gefe ya bi iska. Haka tarin auduga yake yi, haka ma tarin kwal irin wanda ake haƙowa a Maiganga. Abu biyu ke ja-in-ja a ciki: abin da ke haifuwa a wurin, da yadda yake bazuwa. Ikweshan ɗin da ke ɗauke da wannan ja-in-ja shi ake kira na riyakshan da difyushan, ni kuwa a aji ina ce masa na haifuwa da bazuwa:

u_t = D·u_xx + f(u)

A nan u shi ne abin da ake aunawa, zafi ne ko sinadari ko yawan tsiro. u_t saurin canjinsa ne da lokaci, u_xx kuma lanƙwasarsa a kan tazarar x. D ƙarfin bazuwa ne, f(u) kuma abin da ke haifuwa. In f ba miƙaƙƙe ba ne, wato in ka ninka u ba lallai f ya ninku daidai ba, to yanayin da abu zai lafa a kai, inda u_t = 0, yana iya zama fiye da ɗaya. Yana iya zama biyu, ko bakwai, ko babu ko ɗaya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jagora shi ne wata ɗaliba da ta zo mini da kwamfutarta a nan Gombe, fuskarta cike da murna. Ta ce, "Malam, aiki ya kammala, ta ba da amsa, ragowar ma 10⁻¹² ce." Ragowa ita ce abin da ke saura in ka zuba amsar cikin ikweshan, ƙanƙantarta ke nuna amsar ta dace. Na duba, lissafinta babu kuskure ko ɗaya. Na tambaye ta da wane kintace ta fara, wato hasashen farko da ake ba kwamfuta, ta ce da sifili. Na ce ta goge sifilin ta sa 4·sin(πx), kada ta taɓa komai ban da shi. Ta danna, sai ga wata amsa daban, wadda tsayinta ya ninka na ta farko kusan sau 29, ita ma ragowarta ƙarama ƙwarai. Ta yi shiru, can ta ce, "To Malam, wacce ce gaskiya?" Na ce duka biyun. Kwamfuta ba ta yi mata ƙarya ba, ta dai kai ta gidan da ya fi kusa da inda ta sauka ne.

Zan bi matakan da misali guda wanda ake da amsarsa a rubuce, domin ka riƙa gwada abin da ka samu da abin da ya kamata ka samu. Shi ne ikweshan na Bratu, wanda ya ci sunan masanin lissafi ɗan Romaniya Gheorghe Bratu da ya yi rubutu a kansa a 1914:

u'' + λ·e^u = 0, x daga 0 zuwa 1, u(0) = u(1) = 0

Mataki na farko: rage wa ikweshan kaya

Kafin ka taɓa kwamfuta, tattara duk ma'aunan matsalarka, tsawo da ƙarfin bazuwa da saurin haifuwa, ka dunƙule su cikin lamba ɗaya ko biyu marasa mita ko digiri. A misalinmu lambar ita ce λ. A nazarin kamawar wuta da Frank-Kamenetskii ya yi a Rasha a 1939, λ tana tafiya da kaurin tari sau kansa, tana ƙaruwa da yawan zafin da ake haifarwa, tana raguwa in zafi na fita da sauƙi. In ka ninka kaurin tari biyu, λ ta ninku huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka dalilin da ya sa ƙaramin tari yake zaune lafiya, babba kuma ya yi hayaƙi.

Sannan ka tambayi ikweshan ɗin abin da zai faɗa maka kyauta. Tunda e^u bai taɓa zama sifili ko ƙasa da shi ba, in λ ta fi sifili to u'' kullum a ƙasa da sifili yake. Kowace amsa ke nan a kife take kamar ƙwarya, ba ta sauka ƙasa da sifili. Ka riga ka rage rabin dajin da za ka shiga.

Mataki na biyu: gwada da biro da takarda

Ɗalibai kan tsallake wannan, ni kuwa shi na fi ƙauna. Ɗauki tasha ɗaya tak a tsakiya, x = 1/2, tazara h = 1/2. Kimanta u'' da (0 − 2u + 0)/h², wato −8u. Ikweshan ya zama

8u = λ·e^u, ko kuma λ = 8u·e^(−u)

Zana λ a kan u. Layin zai tashi daga sifili, ya kai ƙololuwa a u = 1 inda λ = 8/e, kimanin 2.943, ya gangaro yana komawa sifili. Ja layi a λ = 1, zai yanka shi wuri biyu: u kimanin 0.144 da u kimanin 3.262. Ja a λ = 3.2, ba zai taɓa shi ba. Lambobin ba su cika daidai ba, domin tasha ɗaya ta yi kaɗan, amma siffar labarin ta fito: amsa biyu, sai su haɗe, sai su ɓace. Da tasha biyu, h = 1/3, ƙololuwar ta koma 9/e, kimanin 3.311. Ta gaskiya 3.5138 ce. Riƙe lissafin nan na tasha biyu, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: harbi

In matsalarka mai fuska ɗaya ce, wato x kaɗai, babu hanyar da ta fi harbi nuna yawan amsoshi. Ka manta da sharaɗin iyaka na dama na ɗan lokaci. Tsaya a x = 0 da u = 0, zaɓi karkatar tashi u'(0) = s, ka bi ikweshan ɗin har x = 1 da solve_ivp na SciPy ko ode45 na Octave (manhajojin lissafi ne na kwamfuta), ka rubuta inda ka faɗo. Kira shi g(s). Duk s da ya sa g(s) = 0, amsa ce.

Kada ka nemi tushen g kai tsaye. Fara zana shi: s daga 0 zuwa 20, da tazarar 0.1. A λ = 1 za ka ga g ya faro daga ƙasa da sifili, ya haura a s kimanin 0.549, ya yi tudu, ya sake nutsewa a s kimanin 10.847. Wuraren canjin alama biyun nan su za ka miƙa wa brentq, mai nemo tushe na SciPy, ya tace maka. Ta farko tsayinta a tsakiya 0.1405, ta biyu 4.0915. Su ne ɗalibar nan ta gani.

Maimaita da λ = 2, da 3, da 3.5. Tudun yana ƙanƙancewa, tushen biyu suna matsowa kusa da juna, kuma wurin da za su haɗu shi ne s = 4 cif. A λ = 4 tudun bai kai sifili ba ko kaɗan. Kana iya tabbatar da duk wannan da amsar da aka sani, u(x) = −2·ln[cosh((x − 1/2)·θ/2) / cosh(θ/4)], inda θ = √(2λ)·cosh(θ/4). A λ = 1, θ yana da daraja biyu, 1.5172 da 10.9387.

Harbi yana da iyaka. In tazarar ta yi tsawo ko bazuwa ta yi rauni ƙwarai, ɗan canji a s yana jefa harbin nesa, har zanen ya zama ba a iya karanta shi. Kuma ba ya aiki a fili mai fuska biyu, sai dai in da'ira ce kuma amsar da ta dogara da nisa daga tsakiya kaɗai kake nema.

Mataki na huɗu: raga da hanyar Niyuton

Raba tazarar gida 100, h = 0.01, tashoshi 99 a ciki. A kowace tasha rubuta

F_i = (u_(i−1) − 2u_i + u_(i+1))/h² + λ·e^(u_i)

Jakobiyan ɗinsa J, wato matiris ɗin da ke nuna yadda kowane F_i ke canjawa in u ta motsa, layi uku gare shi: −2/h² + λ·e^(u_i) a tsakiya, 1/h² sama da ƙasa. A kowane zagaye warware J·d = −F, ka ƙara d a kan u. Yi amfani da solve_banded, kada ka juya matiris ɗin gaba ɗaya. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma cikin ƙiftawar ido za ta gama, ko babu wuta batirinta ya isa.

Lura da yadda ragowa ke sauka. In J daidai yake, kusa da amsa za ka ga kamar 10⁻², 10⁻⁴, 10⁻⁸ a jere. In tana saukowa a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ko dai akwai kuskure a J, ko kuma kana dab da wurin da J zai mutu, wato inda ba a iya warware J·d = −F.

Daga nan sai ka canja kintacen farko da gangan: a·sin(πx), a daga 0 zuwa 8. Tattara duk abin da ya fito, ka ware masu kama da juna ta hanyar auna nisansu. In kana son gwaji na gefe, solve_bvp na SciPy yana da wannan ikweshan ɗin na Bratu a matsayin misali a bayanansa, da kintace biyu da amsa biyu. Sai dai yayyafa kintace sa'a ce. Abin da ya faɗo hannunka ka samu, wanda bai faɗo ba ba ka san da shi ba. Shi ya sa ake buƙatar mataki na gaba.

Mataki na biyar: bin sawu, da yadda ake shan kwana

Amsoshi ba a warwatse suke ba, a kan rassa suke. In ka riƙe ɗaya, kana iya bin reshen har inda ya kai. Fara daga λ = 0 inda u = 0, ƙara 0.1, ka sa tsohuwar amsa ta zama kintacen sabuwa. Za ka tafi lafiya har 3.5. A 3.6 Niyuton zai yi ta yawo, ko lambobi su kumbura har kwamfuta ta ce sun fi ƙarfinta. Da yawa a nan suke rufe aiki su rubuta cewa hanyar ta gaza. Hanyar ba ta gaza ba, reshen ne ya sha kwana ya juyo baya, kamar titin hawan Tula inda mota kan juya ta fuskanci inda ta fito alhali hawa take ci gaba da yi. Mai auna tafiya da gabas kaɗai zai ce titi ya ƙare.

Dabara mai arha ita ce ka sauya abin da kake riƙewa. Ɗaure tsayin tsakiya, u(1/2) = A, ka bar λ ta shiga cikin abubuwan da ake nema. An ƙara abu ɗaya, an ƙara ikweshan ɗaya. Tafi da A daga 0 zuwa 8. Za ka ga λ ta hau har 3.5138 a A kimanin 1.187, sannan ta gangaro. Ga Bratu wannan ya wadatar, domin A ƙaruwa yake yi tun daga farkon reshe har ƙarshe.

Ba kowace matsala ce mai sauƙin kai haka ba. Hanyar da ke aiki a ko'ina ita ce wadda Herbert Keller ya shimfiɗa a 1977: a auna tafiya da tsawon reshen kansa, kamar yadda direba ke duba kilomitar da ya ci. Ga yadda take. Kana da amsoshi biyu na baya-bayan nan, kowace da u da λ nata. Cire ta baya daga ta gaba, ka daidaita tsawon abin da ya fito ya zama 1. Wannan ce alƙiblarka, kira ta (t_u, t_λ). Yi taku Δs ta wannan alƙibla, ka samu kintace. Sannan ka gyara shi da Niyuton a kan ikweshan biyu tare: F(u, λ) = 0, da kuma

t_u·(u − u₀) + t_λ·(λ − λ₀) − Δs = 0

A nan u₀ da λ₀ su ne amsa ta ƙarshe da ka samu. Sabon matiris shi ne J da aka yi wa ƙarin ginshiƙi ɗaya, wato e^(u_i), da ƙarin layi ɗaya, wato alƙiblar. Kyawun abin shi ne a kan kwana J kansa yana mutuwa, amma wannan mai ƙarin baki yana nan da rai.

Abu biyu kan kayar da mutane a nan. Na farko awo: u tana da lambobi 99, λ ɗaya ce tilo, in ba ka ninka ɓangaren u da h ba wajen auna tsawo, muryar λ za ta nutse, kuma duk lokacin da ka ƙara tashoshi takunka zai canja ba da saninka ba. Na biyu girman taku. Abin da nake yi: in Niyuton ya wuce zagaye 6, na raba Δs biyu na sake, in ya gama cikin 3, na ƙara rabi. Taku mai faɗi a bakin kwana yana iya tsallakar da kai zuwa wani reshe, ka ci gaba da tafiya kana zaton kana kan naka. Kuma kowace amsa ka samu, ajiye ta a fayil nan take tare da λ ɗinta. Wanda wuta ta taɓa ɗaukewa yana tsakiyar reshe ba ya buƙatar a maimaita masa.

Alamar kwana ita ce t_λ ya canja alama. Ka rubuta ta.

Mataki na shida: mararraba

Bratu reshe ɗaya gare shi. Don ganin inda rassa ke tsirowa daga juna, ɗauki matsalar da Chafee da Infante suka warware a 1974:

u'' + λ·(u − u³) = 0, x daga 0 zuwa π, u = 0 a iyakokin biyu

u = 0 amsa ce ga kowace λ, kuma mai farawa da sifili a nan zai zauna har abada yana ganin ragowa sifili. Ka ɗan taɓa ta da sin(kx): ƙaramin motsin zai girma ko ya mutu gwargwadon lambar μ = λ − k². Irin wannan lamba ita ce aigenbalu, siffar da ke tare da ita kuma aigenbekta. Duk inda wata μ ta ratsa sifili, a λ = 1, 4, 9, 16, sabon reshe ya tsiro, biyu-biyu, u da −u. Abin da suka tabbatar shi ne in λ ta wuce n² ba ta wuce (n+1)² ba, amsoshi 2n + 1 ne cif. A λ = 10, bakwai ke nan.

Saboda haka yayin da kake bin kowane reshe, a kowane taku ka ƙirga aigenbalu na J nawa ne suka haura sifili. In adadin ya canja kuma t_λ bai canja alama ba, ka wuce mararraba. Koma baya ka rage taku har ka kama wurin. A kan raga wurin ba zai faɗo daidai ba: da gida 100, ta uku za ta bayyana a kimanin 8.993 maimakon 9, kuma wannan ba kuskure ba ne.

Don shiga sabon reshe, ɗauki aigenbektan da μ ɗinsa ya ratsa sifili, ninka shi da ƙaramar lamba, ƙara a kan amsar da kake kai, ka matsa λ kaɗan, ka ba Niyuton. In lambar ta yi ƙanƙanta zai mayar da kai tsohon reshe. A wannan matsala kana iya kintatar girman da ya dace: sa u = a·sin(kx), za ka samu a² kusan 4(λ − k²)/(3λ). A λ = 10, k = 3 yana ba da a kimanin 0.365, k = 2 kuma 0.894. Ga k = 1 yana ba da 1.095, alhali amsa ta gaskiya ba ta kai 1 ba, domin ƙiyasin a kusa da mararraba yake da ƙarfi. Duk da haka ya isa kintace.

Akwai tarko a nan da nake so ka gani da idonka. Niyuton yana riƙe daidaiton hagu da dama. In kintacenka ya yi daidai ta ɓangarorin biyu, kamar sin(x) ko sin(3x), duk zagayen da zai biyo baya haka zai kasance, kuma ba za ka taɓa faɗawa kan amsar k = 2 ba, wadda rabinta ke sama rabinta ke ƙasa. Haka wanda ya yanke tazara biyu don ya rage aiki, ya sa sharaɗin madubi a tsakiya: ya jefar da amsoshi biyu cikin bakwai tun kafin ya fara. Cikin kintacenka kullum a samu karkatattu.

Mataki na bakwai: toshe ramin da ka riga ka tona

Bin sawu yana kai ka duk inda reshe ya haɗu da wanda kake kai. Amma akwai rassan da ke zaune su kaɗai kamar tsibiri, ba su taɓa kowa ba. Maganinsu shi ne difleshan. Brown da Gearhart sun kawo dabarar a 1971, Patrick Farrell da abokan aikinsa biyu suka gyara ta don irin waɗannan ikweshan a 2015.

Ka sami amsa r. Kana so Niyuton ya daina komawa can. Sai ka ninka F da

m(u) = 1/‖u − r‖² + 1

Kusa da r, m yana kumbura, sai wurin ya daina zama tushe. Nesa da r, m yana komawa 1, sauran amsoshin suna nan yadda suke. Wannan 1 ɗin da aka ƙara ba ado ba ne: in babu shi, Niyuton zai gano cewa gudu zuwa nesa ma yana rage m·F, ya kawo maka amsar bogi.

Mutane kan ji tsoron cewa sabon Jakobiyan zai cika da lambobi ya yi nauyi. Ba sai ka gina shi ba. Warware J·d = −F kamar kullum, sannan ka ninka d da lamba ɗaya, τ = 1/(1 − (m'·d)/m). In e = u − r kuma ‖e‖² = h·Σe_i², to m'·d = −2h·Σ(e_i·d_i)/‖e‖⁴. Layi huɗu ne ko biyar a kan shirin da ka riga ka rubuta. In amsoshin da ka toshe sun fi ɗaya, lissafa (m'·d)/m na kowace ka tara su. Ci gaba da toshewa kana sake farawa har Niyuton ya kasa sauka cikin zagaye 100, sannan ka canja kintace ka sake.

A kula: in difleshan ya kasa samo sabuwa, wannan ba hujja ba ce cewa babu saura. A rahotonka rubuta "na samu bakwai". Kalmar "bakwai ne kaɗai" sai in akwai tiyorem a bayanka, irin na Chafee da Infante. Duk sabuwar amsar da ya kawo, auna ragowarta da F na asali, sannan ka bi sawunta gaba da baya.

Mataki na takwas: wacce ce ke tsaye daram

In duk aigenbalu na J suna ƙasa da sifili, amsar tana tsaye daram: ka ture ta kaɗan, ta dawo. In ko ɗaya ya haura, tangal-tangal take. A Bratu, reshen ƙasa daram yake. Kusa da λ = 0 babban aigenbalu ɗinsa kimanin −π² ne, wato −9.87, yana hawa har ya taɓa sifili a kan kwana. Reshen sama yana da guda ɗaya a sama da sifili. A Chafee da Infante, cikin bakwai ɗin nan biyu ne kawai daram, na k = 1.

Tabbatar da tafiyar lokaci. Ɗauki amsar sama ta λ = 1, ninka ta da 0.99, ka saki u_t = u_xx + λ·e^u. In hanya ta kai-tsaye kake bi, takun lokaci kada ya wuce h²/2, wato 0.00005 ga h = 0.01. Za ka ga ta sulale ta zauna a kan 0.1405. Ninka da 1.01 ka sake: za ta yi sama ta fashe cikin ƙayyadadden lokaci.

Wannan ne ya sa ba na yarda a ce amsa mai tangal-tangal ba ta da amfani tunda ba a ganinta a zahiri. Ita ce iyaka tsakanin tarin da zai huce da wanda zai kama. Tafiyar lokaci kuwa ba za ta taɓa nuna maka ita ba, domin kullum guje mata take yi. Sai dai a tuna ikweshan na Bratu bai lissafa cewa abin da ke ƙonewa yana ƙarewa ba, don haka fashewar alamar kamawar wuta ce, ba zafi marar iyaka ba.

In sinadarai biyu ne ko fiye, irin tsarin da Alan Turing ya bayyana a 1952, matakan ba su canja ba. Nemo yanayin da ko'ina ɗaya ne, ga kowane k ka duba aigenbalu na ƙaramin matiris J − (kπ/L)²·D (a nan J na haifuwa f ne kaɗai, L kuma tsawon tazara), inda suka ratsa sifili ka shiga reshe da cos(kπx/L) in iyakokin ba sa barin komai ya fita. Da irin wannan Klausmeier ya yi bayanin ratsi-ratsin ciyayi na ƙasashe masu ƙarancin ruwa a 1999, irin dajin nan mai zane da ake gani daga sama a kewayen Yamai. A irin tsarin nan, da ruwan sama iri ɗaya ana iya samun fili mai tsiro ko fako, kuma wanda ya zama fako ba lallai ya farfaɗo ba don ruwa ya koma yadda yake. Ga mai zaune a Nafada ko Dukku wannan ba maganar allo ba ce kawai.

Mataki na tara: tace na bogi

Raga tana haifar da amsoshin da ikweshan na asali bai san da su ba. Koma kan lissafinka na tasha biyu. A reshen da u₁ = u₂ = u, λ·e^u = 9u, kuma aigenbalu biyun su ne 9u − 9 da 9u − 27. Na farko yana sifili a u = 1, kwanar da muka sani. Na biyu yana sifili a u = 3, inda λ = 27/e³, kimanin 1.344, kuma daga nan wani reshe ya tsiro wanda u₁ da u₂ suka bambanta. Amma duk amsoshin Bratu na gaskiya hagu da dama ɗaya suke, kamar yadda amsar da aka sani ta nuna. Reshen nan ɗan raga ne. Ragowarsa za ta sauka har 10⁻¹², bin sawu zai bi shi, difleshan ma zai iya kawo maka shi.

Gwajin shi ne ka ninka tashoshi biyu, ka ɗora amsar a sabuwar raga, ka sake Niyuton. Ta gaskiya za ta ɗan motsa, kuma in ka sake ninkawa motsin zai ragu kusan sau huɗu, domin kuskuren wannan raga yana tafiya da h². Ta bogi za ta ɓace, ko ta yi tsalle, ko mararrabarta ta yi ta gudu sama duk lokacin da raga ta ƙara laushi. Zana kowace amsa ka dube ta. Wadda ke da tsini a tasha ɗaya ko haƙora kamar zarto, kada ta shiga rahoto sai ta ci wannan gwaji sau biyu.

A rahoton, sa zane guda na λ a kwance da tsayin u a tsaye, rassa masu daram da cikakken layi, masu tangal-tangal da tsinke-tsinke, a yi wa kwana da mararraba alama. Ƙarƙashinsa tebur: λ, tsayin amsa, adadin aigenbalu da suka haura sifili, da darajar a raga biyu daban.

In ka gama da fuska ɗaya, ɗauki Bratu a fili mai kusurwa huɗu, tsawo 1 faɗi 1, da raga 40 sau 40 da spsolve. Kwanar tana kusa da λ = 6.808. A da'ira mai nisan 1 daga tsakiya zuwa baki, tana kan 2 cif. A dunƙule mai fuska uku ta farko tana kan 3.32, amma kada ka tsaya a nan: Joseph da Lundgren sun nuna a 1973 cewa reshen yana ta shan kwana hagu da dama a kewayen λ = 2 ba iyaka, kuma a λ = 2 ɗin amsoshin ba su ƙirguwa. Harbi daga tsakiya da u'' + (2/r)·u' + λ·e^u = 0 zai nuna maka kwanoni uku ko huɗu na farko, in ka fara daga r ƙarami kamar 10⁻⁶ maimakon sifili.